Rasuwar Silifas ɗin Ƙafar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, zuciyar ma sabuwa ce da ba ta daɗe a ƙirjinsa ba, Pak Cik (wato Baba) Deraman bin Jusoh, tsohon makanikin jiragen kamun kifi a Kuala Besut, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar amininsa, Silifas ɗin Ƙafar Hagu, bayan gajeruwar jinya.

Marigayin ɗan talakawa ne, daga kwandon rangwame aka ɗauko shi a kasuwar Jerteh. Roba ne shuɗi mai faɗin maɗauri, ba ruwansa da girman kai. A bakin ƙofa yake kwana, ruwan sama ya yi ta dukansa, bai taɓa kai ƙara ba.

Hidimarsa ta gaske ta fara ne a shekarar da zuciyar Pak Cik ta gaji. Likitoci suka sa masa famfo mai tura jini, suka rataya masa batura a kafaɗa, suka ce ya jira dashen sabuwar zuciya. Sharaɗinsu ɗaya: ya riƙa tafiya kullum, don wanda jikinsa ya mutu a kwance ba zai jure aikin ba, cire shi za a yi daga layin masu jira. Ana haka sai ciwon gawut, mai kumbura gaɓoɓi, ya sauka a gindin babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Likita ta ɗora laifin a kan maganin fitsarin da yake sha. Uwargidansa Mak Cik (wato Inna) Rokiah ta ce a dai ƙara da budu, romon kifin nan mai gishiri, don da idonta ta ga kwalbar a bayan akwatin cajin batir. Yatsa ya kumbura ya yi jawur, ko zanin rufa ya goge shi sai salati. Maganin ciwo na kemis kuwa an haramta masa saboda ƙoda da maganin tsinka jini. Pak Cik ya ji tsoro, wallahi ya ji, don babu takalmin da ya yarda ya shiga ƙafar nan.

A nan marigayin ya ba da kansa. Mak Cik ta ɗauki almakashin gyaran kifi ta fafe masa taga daidai kumburin, ko allurar kashe zafi babu. Tun daga ranar unguwa ta san muryarsa: "Fat… shuu. Fat… shuu." Haka suka yi ta zarya tsakanin gida da bakin teku, famfo na gurnani, yatsa na leƙen duniya ta taga. A ƙofar masallaci, inda silifas ke sauya iyayengiji kowace Juma'a, babu wanda ya taɓa ɗaukarsa ko da kuskure. Da shi aka je asibiti ranar da zuciya ta samu, ya jira a ƙarƙashin gado har aka dawo tare.

Ajalinsa ya zo ne ranar Talata, sa'ad da wani biri marar kunya ya sure ledar ayaba daga hannun Pak Cik. Dattijon nan da ya yi shekaru yana jan ƙafa ya manta da kansa, ya bi biri a guje. A guje, jama'a! Kalmar marigayin ta ƙarshe, da maɗaurinsa ya tsinke, ita ce: "Tas!" Pak Cik ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa, ƙirjinsa na bugawa dam-dam, yana dariya yana hawaye. Biri dai ya ci bulus.

Ya rasu ya bar ɗan tagwaicinsa na Dama, da babban yatsa wanda tubarsa rabi da rabi ce, da kwalbar budu da ke tsare a hannun hukuma.

Za a binne shi ranar Asabar bayan la'asar a gindin kwakwar bayan gida, idan Mak Cik ba ta riga mu kai shi kwandon shara ba. A zo a ƙafa, Pak Cik ne zai ja gaba. Ba ya buƙatar gaisuwar silifas. Roƙonsa kawai, duk wanda ya zo ya yi addu'a ga mamacin da ya bar masa zuciyar nan da iyalinsa, don a wata ƙofar da bai sani ba akwai takalmi ƙafa biyu lafiyayyu, babu mai sa su.