Tayar da Ta Riga Ni Shiga Fika

Shekarar da aka koma tuƙin hannun dama na sayi akori-kura, na rantse sai ta hau manyan tayoyi. Bukar mai faci na tashar Potiskum ya ce, "Maigida, rim ɗinka siriri ne, ba zai riƙe su ba."

Na auna da yatsuna, na ce, "Ni da motata? Ɗaura!"

Na ɗauki surukina da buhunan wakensa, muka nufi Fika ina hura hanci. A bakin gari tayar gaba ta suɓule, ta wuce mu a guje har cikin kasuwa.

Har surukina ya bar duniya, in na je gaishe shi sai ya ce, "Sannu, Malam. Tayarka ta iso tun ɗazu."