Ranar da Alhaji Sule Ya Zo Godiya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka biyo ni wurin aiki don a yi mini godiya ba. An zage ni a duniya ba sau ɗaya ba, amma babu zagin da ya yi mini ɓarnar da godiyar nan ta yi.

A lokacin ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a yammacin Landan. Ana kawo mana kayan lantarki, mu kulle su a wani ɗaki mai bangon ƙarfe, mu auna ko suna dagula wa wasu na'urori aiki. Ka san yadda rediyo ke ƙara in an ajiye waya kusa da ita? To, irin wannan muke farauta, sai dai a asibiti ko a jirgin sama abin ba na dariya ba ne. Akwai yarjejeniyar ciniki tsakanin Birtaniya da wasu ƙasashe, cewa in ɗakin gwajin da aka amince da shi ya sa hannu a nan, can ma za a karɓa ba sai an sake gwadawa ba. Amincewar nan ita ce jarinmu kaf. Sharuɗɗanta kuwa na fi kowa haddace su (har sababbin ma'aikata nake koya wa, ina ɗaga yatsa kamar malamin Islamiyya): ma'aikata su zama ƙwararru, ma'aunai su zama sahihai, kuma duk wanda ya sa hannu a ƙera abu ko gyara shi, ba shi zai gwada shi ba. Bizata a jikin aikin nan take rataye, haka ta matata da ta 'yarmu.

Alhaji Sule aminin mahaifina ne. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka, a gidansa na Peckham na yi watanni ba a taɓa nuna mini na takura ba. Ya sa an ƙera masa wata fitila mai aiki da hasken rana, yana so ya riƙa sayarwa a Amurka. Ya kawo ta wurinmu, ta faɗi gwaji. Ranar Lahadi ya kira ni gida. Sai da matarsa Hajiya ta cika ni da tuwo da miyar kuka, sannan ya turo fitilar gabana.

"Ɗana, duba mini abin nan. Mutanenku sun yi rejecting ɗinta, wai tana surutu."

"Baba, a ƙa'ida bai kamata in taɓa ta ba."

"Ƙa'ida tana ofis. Nan gidan ubanka ne."

Ni da man shanu bai bushe a yatsuna ba, da wane baki zan yi musu? Na kwance ta. Matsalar ma ba ta taka kara ta karya ba, wayar wuta ce aka bi da ita inda bai dace ba, sai wani ɗan ƙarfe da ya kamata a ƙara. Na gaya masa abin da zai faɗa wa masu ƙerawa. Da fitilar ta dawo wurinmu bayan an gyara ta, gwajin ya faɗo a kaina. Da na ce wa shugabarmu, Madam Helen, a ba wani, da magana ta ƙare, amma na ji tsoron kada ta tambaye ni dalili. Na gwada, ta ci, na sa hannu. (Kuma tsakani da Allah ta ci, wannan ko a gaban alƙali zan rantse.)

Bayan 'yan watanni hukumar da ke sabunta mana amincewa ta turo mai bincike, wani dattijon Bature mai sanyin murya. Tun safe komai na tafiya daidai, har ya yaba mini yadda nake saita ma'auni. Muna shan shayi a falon baƙi sai ƙofa ta buɗe. Alhaji Sule ne cikin babbar riga, turare na gaba yana baya, ɗauke da faranti na kilishi da sabuwar hula tawa. Kafin in yi tunani gwiwoyina sun kai ƙasa, ina durƙushe da farar rigar aiki ina tambayar mutanen gida.

Madam Helen ta ji daɗi, ga mai hulɗa da mu ya zo da kansa. Aka miƙa kilishi, mai binciken ya ɗauki ɗan yanki, ya tambayi Alhaji cikin ladabi yadda ya ga aikinmu.

Alhaji ya gyara tsayuwa, ya saki Turancinsa na tsohon ma'aikacin gwamnati. Ya ce ai ba don yaron nan ba da ya yi asara. Na ce masa da Hausa, a hankali, "Baba, don Allah a bar maganar nan."

Ya dafa kafaɗata, ya dubi Bature yana murmushi. Ya ce kunya nake ji, haka muke a wurinmu, ɗan halak ba ya son a yabe shi a kan idonsa, amma shi sai ya faɗa. Ya ce a falonsa na kwance fitilar, ni na gano ciwon, ni na ba da magani, sannan ni ɗin dai na gwada ta na ce ta warke. Ya ƙara da cewa irina ya kamata a yi wa ƙarin girma.

Mai binciken ya mayar da yankin kilishinsa gefen faranti. Ya tambaye ni, da murya mai sanyi, ko abin da dattijon ya faɗa haka ne. Madam Helen ba ta dube ni ba. Ni kuwa ina tsaye da sabuwar hula a hannu, na ce haka ne.

Aka dakatar da amincewarmu. Duk abin da na taɓa sa wa hannu aka ce sai an sake gwadawa, kayan Alhaji suka maƙale a tashar jirgin ruwa, abokan aikina da ba su ji ba ba su gani ba aka rage musu ranakun aiki. Ni aka sallame ni. Da na gaya wa matata, ba ta yi faɗa ba, sai ta tambaye ni ko za a bar yarinya ta ƙarasa zangon makaranta kafin mu koma. Wannan tambayar ta fi mini komai ciwo, kuma ban san amsarta ba.

Washegari Alhaji ya kira ni.

"Ɗana, na ji an yi suspending ɗinku. Ba ni adireshin Baturen nan, in je da kaina in ba shi haƙuri. Zan tafi da liman."

Na ce, "A'a, Baba. Kada ka je."

Ya ce to. Ko musu bai yi ba.

Ashe dai ana ce wa babba a'a kuma sama ba ta faɗo. Na koyi wannan darasin sarai, sai dai na koye shi ne ina neman akwatunan da zan zuba kayanmu.