Kalmar Sirrin Kaka Veturia

Saura awa ɗaya jirgin ƙasan Brasov ya tashi, Kaka Veturia ta kira jikanta Horia, mai rubuta manhaja a nan Cluj. Barka za ta, ƙanwarsa ta haihu, tikitin kuma ya ɓace daga waya. Ya hau benen gidanta yana haki.

"Lafiya lau, angon ƙarya," in ji ta. "Da kai za a aika kiran mutuwa, da na shekara ɗari biyu."

"Tsohuwa, ina manhajar jirgin da na sa miki?"

"Na goge. Kullum sai ta ce a sabunta ta. Ni mai shekara tamanin, wa ya sabunta ni?"

"Ke ai kamfanin da ya ƙera ki ya rufe. Tikitin fa yana cikinta!"

"Yana cikin waya dai. Lalubo."

"Waya murhu ce, manhaja ce tukunya. Kin yar da tukunya, kina tambayar murhu miya."

"Ji mai koya min girki! Abin da babba ya hango..."

"Babba mai tabarau biyu bai hango tikiti ba?"

Ya sake sauke manhajar yana tsaki, sai ta nemi kalmar sirri.

"Sunan kakanka, Allah ya ji ƙansa," in ji Kaka.

Ya rubuta Traian, ta ƙi. Ya haɗa da shekarar aurensu, nan ma ta ƙi.

"Saura gwaji ɗaya ta kulle, jirgi kuwa ba ya jiran amarya. Tuna, don Allah!"

Kaka ta hau gyara ɗankwalin da bai karkace ba.

"Rubuta Ilarie."

"Wane ne Ilarie?"

"Rubuta, ɗan nema!"

Nan take tikiti ya bayyana. Horia ya riƙe baki.

"Ashe ni da marigayi duk 'yan rakiya ne!"

"Wani mai goge ne a ƙauyenmu. Ya iya rawa, kakanka kuwa sai taka min ƙafa."

"Bari in kira Mama, ta ji."

"Kira, in fasa maka kai da wayar!"

Ya fara danna lamba. Kaka ta fashe da dariya, ta zaro kwalbar zakuska, miyar gasasshen tattasan da ta yi wa maijego, ta danƙa masa.

"Toshe bakinka da wannan. Yau ka ci ni. Ɗauko jakar mu tafi."