Yadda Za Ka Hana Injin Motar Tseren Ɗanka Zama Daidai

Tun kafin mu yi nisa, ka sani cewa a mataki na shida abin zai ɓaci. Amma daga na ɗaya zuwa na biyar, na ba ka tabbaci ko taku ɗaya motar ba za ta yi ba. Wani uba da na sani ya gwada, ya ci ribar wata takwas cur, ɗansa na kwana a gida da ƙafafunsa biyu.

Wannan darasi naka ne idan ɗanka, ƙato mai gemu da aikin yi, ya jawo gawar wata tsohuwar mota ya ajiye a garejin gidanka, ya sayo injin da ya fi ƙarfinta sau uku, ya ce tsere zai shiga da ita.

Mataki na ɗaya: Kada ka hana shi

Hani fetur ne. Uban nan da farko cewa ya yi, "Muddin ina numfashi motar nan ba za ta fita ba." Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba." Washegari sai ga mai walda da kayan aikinsa. Ɗan yau idan ya ce maka "to", yana nufin ya ji ƙarar muryarka ne kawai.

Don haka ka haɗiye fushinka, ka ɗauko kujera, ka zauna a bakin gareji ka ce, "Kawo in taya ka."

Mataki na biyu: Ka zama gwani kafin azahar

Ga iyakar abin da kake buƙatar sani. Ba a dasa inji a miƙe sambal. Ana ɗan kwantar da gindinsa baya, kamar digiri uku, yadda bakin giyabos zai dace da aksul na baya, furofelar da ke haɗa su ta riƙa juyawa ba rawar jiki. Ana rataye injin da sarƙa, a auna, a sake aunawa, sannan a yi wa kujerunsa walda. Kafin walda babu mota, sai tarin ƙarfe. Aikinka kada a kai ga walda.

Ka haddace kalma uku: digiri, furofela, kuros. Kuros shi ne ɗan gaɓar da ke wuyan furofela, amma ba sai ka san wannan ba. Ka dai leƙa ƙarƙashin mota, ka tsotsi haƙori, ka ce, "Kuros ɗin nan zai sha wuya." Duk wanda ya tsotsi haƙori a gaban inji, injiniya ne. Cikin kwana biyu mai walda ya laƙa wa uban nan suna Injiniya, mutumin da ko tayar keke bai taɓa liƙewa ba.

Mataki na uku: Ka ɗora wa ƙasa laifi

Ranar da ma'auni ya nuna uku daidai, ɗanka ya fara murmushi, kada ka firgita. Ka gangara kwalba a daɓen garejin. Za ta gangara, don ba a taɓa yin daɓen da kwalba ba ta gangara a kai ba. Sai ka ce:

"Ka gani? Ƙasar ma a karkace take. Uku a kan karkace ai ba uku ba ce."

Za a fitar da mota, a fasa daɓe, a zuba sabon siminti. Ka dage sai ya yi sati uku ana ba shi ruwa. Kai za ka riƙa ba shi ruwan da kanka, safe da yamma, da zuciya ɗaya.

Mataki na huɗu: Ka kawo maganar nauyi

Mota tana sauka idan an zauna a ciki, wannan gaskiya ne, kuma babu makamin da ya kai gaskiya kaifi a hannun mai jan lokaci. Ka ce sai an auna da direba a ciki. In an auna, ka ce da tanki cike. In an cika, ka tambaya ko ranar tseren zai ci abinci kafin ya tashi, don a auna shi da yunwa, a auna shi da ƙoshi.

A nan uwar yaran za ta leƙo ta ce, "Malam, yaushe ka fara sanin mota? Kai da ko murfin mai sai an buɗe maka?"

Ka ce mata, "Ilimi ba ya tsufa." Ka kuma yi mata alama da ido ta koma ciki. Ba za ta koma ba, amma ka yi.

Mataki na biyar: Wosha

Idan hujja ta ƙare, sai hannu. Da safe in ya tafi wurin aiki, ka shiga ƙarƙashin motar, ka zura wosha ɗaya, ɗan faifan ƙarfen nan mai huda, a ƙarƙashin inda giyabos ya zauna. Gobe ka cire. Jibi ka sa biyu. Yau ma'auni ya ce biyu, gobe ya ce uku da rabi. Ɗanka zai zargi ma'auni, ya zargi sarƙa, ya zargi mai walda har su kusa dambe. Kai ba zai zarge ka ba, ai uba ne kai.

Ka kula da abu ɗaya. A watannin nan zai fara ba ka labari yana kwance a ƙarƙashin mota: na shugabansa a wurin aiki, na yarinyar da yake so, abubuwan da rabonsa da gaya maka irinsu tun yana firamare. Kada ka bari daɗin hira ya shagaltar da kai daga aikinka. Uban nan ya shagala, har ya fara zuwa gareji kafin ɗan.

Mataki na shida: Inda abin yake ɓaci

Wata rana ɗan ya jefar da sifana, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baba, na gaji. Kai ka fi mu sanin abin nan. Faɗi lamba, a yi walda a kai."

Uban ya ce, "Bakwai." A lissafinsa inji mai kwanciya haka ba zai shiga ba, sai an wargaza komai an faro daga farko. Bai san halin mai walda ba. Kafin la'asar mutumin ya yanke, ya buga, ya liƙe. Aka murza makulli, tagogin gidan suka ɗauki rawa, ɗan ya rungume ubansa da baƙin mai a hannu, ya ce tseren ranar Asabar ne.

Mai walda ya ja uban gefe yana goge hannu.

"Injiniya, bakwai ɗin nan, ka tabbata?"

"In ban tabbata ba fa?"

"A cikin gari ba abin da za a ji. Amma in ya take ta sosai, kuros zai tsinke, furofela ta faso ƙasan mota. Ka ga inda take bi, daidai cinyarsa. Ni dai aka ce in yi walda, na yi."

Garin neman gira ke nan.

Mataki na bakwai: Ka zubar da girmanka da hannunka

Babu wata dabara a nan, na duba. Uban ya shiga ɗaki ya kwaso woshoshinsa daga aljihun tsohuwar riga, ya jera su a kan bonet, ya faɗi komai, har da kwalba.

Ɗan ya daɗe yana kallonsu.

"Wata takwas, Baba? Ni na ɗauka zama kake yi da ni don kana so."

"Ina so mana."

Ɗan ya ɗauko injin yankan ƙarfe, ya miƙa wa uban ma'auni, ya ce, "Riƙe nan."

Suka yanke kujerun, suka sake ratayewa. Uban ya karanta lambar sau huɗu da tabarau, ya ce uku, wannan karon ukun gaskiya. Yanzu motar tana tafiya sumul, ba karkarwa ko kaɗan, kuma mai walda ya ce gudun da za ta yi sai ya ba kowa tsoro. Ya faɗa ne a matsayin yabo.

Togaciya

Duk wanda ya bi matakan nan, shi da ɗansa, babu ruwan mai rubutu. Ban ɗauki alhakin siminti ba, ko dariyar uwar yara, ko shirun da za a yi maka a wurin cin abinci. In ka ce ni na koya maka, zan ce ban san ka ba.

Yau Alhamis. Tun "riƙe nan" ɗan bai ƙara ce wa uban komai ba in ba gaisuwa ba. Uban bai san ko za a ce ya zo kallo ranar Asabar ba, bai san ko zai iya kallon ba in an ce ya zo, kuma har yanzu bai san ko digiri ukun da ya karanta ceton yaron ya yi da su ko tura shi ya yi ba.