Ministan da Ya Buɗe Gada Sau Uku

Ku yaran yanzu kun iya fara abu, ƙarasawa ce ta gagare ku. Mutum ya share rabin ɗaki, ya jingine tsintsiya, ya tsaya jiran a yaba masa. To ku buɗe kunne.

A wani ƙauye na Faransa an yi wani ɗan siyasa, Mushe Barnabe, wato Malam Barnabe a bakinsu, wanda ba ya rabuwa da almakashi a aljihu. Yana magajin gari ya aza gada a kan rafin garinsu, ya yanke ƙyalle, aka tafa. Da ya zama shugaban majalisar yanki, ya sa aka shafa mata fenti, ya sake yankewa. Da ya zama minista, ya taso daga Paris da jiniya, ya yanke na uku. Kullum baya yake ba gadar, fuska ga masu hoto. Ita kuwa a tsakiyar ruwa ta tsaya, ba ta taɓa kaiwa tsallake ba.

Ana nan aka sallame shi daga minista. Sai ya dawo neman kujerar majalisa, ga shi ƙuri'un da za su fid da shi duk na mutanen tsallake ne. Ya ce da ƙafarsa zai taka gadarsa ya je musu. Ya hau yana tafiya da baya, yana ɗaga wa jama'a hannu, yana lissafa ayyukansa. Bai kai na huɗu ba sai ji aka yi tsundum!

Madam Odil, wata tsohuwa mai awaki daga tsallake da ta ƙetaro kallo a kwalekwale, ita ta miƙa masa sanda ta jawo shi gefen da ya baro, taɓo har kunne, takalmi ɗaya ya bi ruwa.

"Haba Madam! Duk garin nan an rasa mai gaya mini gadar ba ta kai ba?"

"Ranka ya daɗe, mu da ba mu taɓa buɗe ta ko sau ɗaya ba, mu za mu koya wa wanda ya buɗe ta sau uku?"

Ya matse hularsa, ya sassauta murya. "To, ya wuce. Amma dai ƙuri'unku suna nan ko?"

"Suna nan lafiya lau a tsallake, ranka ya daɗe. Bi ta gadar ka ɗauko."