Gaisuwar da Na Aika wa Nafi'u Daga Filin Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Malama ta kai mu kallon filin ƙwallo ba, mu matan ajin yaƙi da jahilci na Challawa. Ta ce kowacce ta buɗe ido, don za ta rubuta abin da ta gani. Ni kuwa da tawa a raina na je. Ɗana Nafi'u ya tafi Legas buga ƙwallo, kuma tun bayan ƙaramar salla ban ji muryarsa ba, layinsa kullum a kashe. So nake in ga irin wurin da ya ɗauke min shi.

Babu wadda ta san haka. A kamfanin gyaran riɗi na Sharaɗa, inda yawancinmu muke aiki, in an tambaye ni sai in ce, "Ai jiya ma mun yi waya, yana gaishe ku." (Har abin da ya ci da rana nakan ƙirƙiro. Allah ya yafe min.)

Filin nan ya fi ƙarfin bakina. Ciyawa shar, kamar an bi ta da dutsen guga. Kujeru hawa-hawa har wuya ya gaji, kuma ba kowa a kansu. Mai zagawa da mu, wani dattijo mai fara'a, ya nuna mana ɗakin da 'yan wasa suke sauya kaya. Na tsaya ina shafa wani benci har aka bar ni a baya.

Daga nan aka hau can sama. Ni da gwiwata, kafin in kai, sauran sun gama gani sun sauka sun zazzauna a kujeru. Na tarar da dattijon shi kaɗai a wani ɗaki na gilashi, ga makirfo, ga abin sawa a kunne. Sak ɗakin gidan rediyo da nake gani a talabijin. Ni kuma ba na wuce shirin gaishe-gaishe, da shi nake tsintar riɗi.

"Mama, ku zauna ku gwada mana," in ji shi.

"Malam, yana kaiwa nesa?"

"Sosai ma kuwa!"

Ya sa min abin kunnen, na daina jin komai. Na gyara mayafi (wa zai gan ni, oho), na yi sallama, na ce:

"Ina gaishe da ɗana Nafi'u a Legas. Nafi'u, Ummanka ce. Wata biyar ke nan. Ko ba a ɗauke ka wasan ba, ka kira ni, ba zan yi faɗa ba. Na gaji da yi wa mutane ƙarya. In an yi magariba ni kaɗai nake cin tuwo."

Sai na ga dattijon ya yi wuf ya danna wani abu. Na cire abin kunnen daidai lokacin da muryata take dawowa daga ɗaya ɓangaren filin: "...cin tuwo." Na leƙa ta gilashi. Mata ashirin da wani abu, da Malama, da masu ba ciyawa ruwa, duk sun ɗaga kai suna kallona. Ashe lasifikar filin ce. Ko titi maganar ba ta tsallaka ba.

Saukowar nan ta fi hawan wuya.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida, har muka wuce Na'ibawa. Sai Yaya Hanne, wadda bakinta ya fi na kowa kaifi a aji, ta matso kusa da ni.

"Maman Nafi'u, ashe ke ma gwana ce. Yaron da kika ce ya ci dambu ranar Laraba?"

Aka kwashe da dariya, har da ni, ina share ido da bakin mayafi. Ta rage murya ta ce, "Gobe ki ƙara gari a tukunya. Amma miyar kuka ba na so."

Ta zo, kuma ta kushe miyar. Nafi'u dai har yau bai kira ba, sai dai yanzu in an tambaye ni nakan ce bai kira ba, kuma ba na mutuwa.

Abin da na rubuta wa Malama layi ɗaya ne: kafin ki faɗa wa ƙarfe sirrinki, ki tambaya ina wayarsa ta nufa. Ta ba ni maki, ta ce rubutuna ya gyaru.