Ƙugiyar Bayan Mota da Shaidar Sale Mai Walda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yafa mayafina na zuwa biki, na nufi ofishin 'yan inshora don in koya musu gaskiya ba. Ni ɗin nan, tsohuwa mai jikoki goma sha ɗaya. Ku gyara zama ku ji yadda ta kaya.

Shekara arba'in ina kiwon tumaki a Ƙofar Wambai ina sayarwa, kuma unguwa ta san ni da abu guda: ba na ɓoye aibi. In tunkiya tana tari, zan ce tana tari. In rago da safe yake ɗingishi, zan ce wa mai saye ya dawo da safe ya gani. Amma abin kirkin dabba ba na faɗa. Mai saye yana da ido, yabon kaya aikin dillalai ne, kuma yana jawo baki. Haka uwata ta koya mini, a kai na tsufa.

Ana nan, ana nan, sai na sayi wata tsohuwar a-kori-kura don kwaso masara daga gonata ta Miri. Ɗana Habu ke tuƙa ta. Da muka ga bayanta ya yi mana kaɗan, na kira Sale mai walda ya liƙa mata ƙugiyar ƙarfe, muka riƙa ɗaura mata 'yar tirela tana ja. Mota ta zama mota da rabi.

Sai Habu ya matsa a yi mata babbar inshora, irin wadda in an yi haɗari su ne za su gyara. (Ni a ganina sayen laima ne da rani, amma yaran yanzu in ka ƙi tasu sai su ce tsufa ne.) Motar da sunana take, dole na je da kaina. Ya sauke ni da takardu, ya wuce kasuwar Muda Lawal da motar. Su kuwa ko tambayar inda take ba su yi ba. Mutanen da takarda ta fi musu mota.

Ofis ne mai sanyi kamar cikin randa, mazan ciki kowa ya ɗaure wuya da igiya kamar ɗan akuyan da za a kai kasuwa. Wata yarinya mai suna Rifkatu ce ta karɓe ni.

Ta ce, "Mama, akwai abin da aka canja ko aka ƙara wa motar tun fitowarta daga kamfani?"

Na ji tambayar sarai, kada ku ɗora wa kunnena laifi. Amma na ce a raina, yarinya ce, ba ta san abin da ake tambaya a ciniki ba. Sai na fara jero mata: ƙofar hagu sai da duka take rufuwa, kujera ta yage, da sanyin safiya sai an tura, ham ɗinta ya dishe kamar tsohon zakara.

"Mama, ba wannan nake tambaya ba."

"Rubuta dai, 'yar nan. Tun ba a haifi uwarki ba nake ciniki."

Ta rubuta. Ta sake cewa, "To ƙari fa?"

Ƙugiyar ta faɗo mini a rai. Amma ƙugiya ai alheri ce, me zai sa in zauna ina fariya a gaban baƙi? Na ce ta rubuta babu. Na dangwala yatsa, na fito ina tausayin ƙarancin iliminsu.

Kwanci tashi, kaka ta yi. Habu ya taso daga Miri da tirela maƙare da masara, ɗan acaɓa ya gitta masa, ya taka birki. Tirela ba ta san birki ba, ta banko. Ƙugiya ko gezau, sai ƙashin bayan motar ne ya lanƙwashe. Allah ya tsare rai, amma ga sauran rabin masarata zube a gona ba a kwaso ba, ga mota kwance. Habu ya je ofis ya dawo.

"Inna, sun ce ba za su gyara ba. Wai kin ɓoye ƙugiya."

Ni? Ɓoyewa? Na yi nazari irin nawa, na gano bakin zaren: sun ɗauka ƙugiyar aibi ce, aikin banza. Maganinsu shaida. Na aika aka kira Sale, na biya masa kuɗin keke da hannuna.

Na tarar da ofis cike da jama'a. Rifkatu ta nuna mini kujera, na ƙi zama. Na yi musu wa'azi a kan amana da cin haƙƙin tsofaffi, har wani dattijo a layi yana gyaɗa kai. Sannan na juya na ce, "Sale, faɗa musu."

Sale ya gyara hula. "Wallahi Hajiya ta yi gaskiya, aikin nan ba shi da aibi. Sai da na huda ƙashin motar wuri huɗu, na yanke wani gefe, kafin ta zauna."

Rifkatu ta ɗauki biro. "Yaushe ke nan, Malam?"

"Ai tun kafin ta zo yin inshorar da wata uku. Har na ce mata, Hajiya, irin wannan ana sanar da masu takarda. Ta ce in yi waldata in bar mata ciniki."

Ina taka masa ƙafa, yana matsawa yana ce mini sannu.

Yarinyar ta jawo takarda ta karanta mini maganata tiryan-tiryan, tun daga ƙofar hagu har tsohon zakara. A ƙasa an rubuta, ƙari: babu. Ga yatsana baƙe-baƙe a gefe, ya fi na kowa girma.

Ta ce a hankali, "Mama, da kin faɗa, ɗan abu kaɗan za a ƙara miki, da yau muna gyara motarki."

Ba wanda ya yi dariya. Dattijon nan ya sunkuya yana duban takalminsa. Rifkatu ta taso da kanta ta kawo mini kujerar da na ƙi, har da ruwan sanyi. (Da zagina ta yi, da na san amsar da zan ba ta.) Na zauna na shanye ruwan tas, don ban san abin da zan yi da bakina ba.

A bakin titi Sale ya ce, "Hajiya, na dai yi bayani yadda kike so ko?" Na ce ya yi, Allah ya saka masa daidai aikinsa. Ya ce amin da zuciya ɗaya.

Masarar a kurar haya ta ƙaraso gida, mota ta yi wata biyu a wurin makanike. Abin da na koya da furfurata shi ne, in an yi maka tambaya, ka amsa wadda aka yi, ka bar wadda kake ganin ta fi dacewa a yi. In kuwa za ka ɗauki shaida, ka ji ta bakinsa tun a zaure, musamman in mai gaskiya ne.